Shiga Sharo Ba Shanu: Koya wa Yaranmu Kula da Abin da Ya Kai Su Makaranta

Karatu: Littafin Firistoci 19:16, 1 Tasalonikawa 4:11-12, Ayyukan Manzanni 23:12-24

 Ina gaishe da iyaye maza da iyaye mata, da kakanni masu riƙon jikoki, da malaman makarantar Lahadi, tun daga nan Maikunkele har Bosso, Beji, Garatu, Paiko, Kuta, da duk inda muryar nan ta kai. In akwai Littafi Mai Tsarki kusa da ku, ku ɗauko shi, ku kira yara su zauna, gama maganar yau tasu ce, tamu ce kuma.

Iyaye da yawa sun san irin yaron da zai dawo daga makaranta bakinsa cike da labari. Ya san wanda aka yi wa bulala, ya san wadda aka kora saboda kuɗin makaranta, ya san wanda takalminsa ya tsinke, har ya san gidan da uwa ta yi yaji. Amma ka tambaye shi abin da aka koya musu a lissafi yau, sai ya hau sosa ƙeya. Akwai kuma wani yaron da aka ja masa kunne a gida cewa ba ruwansa da kowa, ya rufe ido ya rufe baki. Shi kuwa ko a gabansa manyan yara suka danne ƙaramin yaro suna duka, wucewa zai yi, ba zai gaya wa kowa ba. Na farko ya zama ɗan tsegumi, na biyu ya zama marar tausayi. Dukansu biyu ba su ne 'ya'yan da muke roƙon Allah ya ba mu ba.

Littafin Firistoci 19:16 aya ɗaya ce, amma umarni biyu ke cikinta. Kashi na farko ya hana mutumin Allah yawo da maganar mutane daga wannan kunne zuwa wancan. Kashi na biyu, a Ibrananci, yana maganar tsayawa a kan jinin maƙwabci. Wasu masu fassara sun ɗauke shi a kan kada ka zama sanadin mutuwar maƙwabcinka, wasu kuma a kan kada ka tsaya kallo alhali ransa na cikin hatsari. Ko wanne ka bi, wuri ɗaya za ka fito: asirin maƙwabcinka ba ruwanka ba ne, amma ran maƙwabcinka ruwanka ne. Wannan shi ne abin da nake so mu koya wa yaranmu kafin su sake ɗaukar jaka su nufi makaranta.

Kowa da nasa kaya

Mu fara da abin da ya kai yaro makaranta. Wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, manzo Bulus ya rubuta wa ikkilisiyar Tasalonika, wani babban birni a ƙasar Makidoniya, cikin ƙasar Girka ta yau. A sura 4 ya gargaɗe su su nemi zaman natsuwa, kowa ya kula da sha'anin gabansa, ya yi aiki da hannunsa, domin waɗanda ba masu bi ba su ga zamansu su girmama shi. A wasiƙa ta biyu, sura 3 aya 11, ya sake komawa kan maganar, don ya ji labarin wasu da suka ajiye aikinsu suka koma sa ido a kan na mutane. Bulus ya gane cewa zaman banza da shisshigi tagwaye ne. Wanda hannunsa ke cikin aiki ba ya samun lokacin leƙen tukunyar wani.

Gonar yaro ita ce littafinsa. Manomin doya da ya bar kunyarsa ya tsaya ƙirga ta maƙwabci, ranar da ake loda motoci zuwa kasuwa zai ga abin da ya jawo wa kansa. Haka yaron da idonsa ke kan takardar na kusa da shi. Hukumar jarrabawa ta NECO, wadda aka kafa a 1999, hedikwatarta tana nan Minna a ƙofar gidanmu. Ranar da ɗanka zai zauna jarrabawarta, ba za a tambaye shi wa ya yi surutu a aji ba, ko wa ya zo da sabuwar jaka. Abin da ya sa a kansa ne zai fito a takarda. Yaron da ya saba leƙen littafin wani tun yana firamare, shi ne zai so leƙen amsar wani a sakandare.

Ku duba Yohanna 21:20-22. Yesu ya gama gaya wa Bitrus abin da ke jiransa a gaba, sai Bitrus ya waiwaya ya ga wani almajiri, ya tambaya yadda ta wancan za ta kasance. Ubangiji bai ba shi labarin ba. Ya nuna masa cewa wannan tsakanin shi ne da wancan almajirin, aikin Bitrus shi ne ya bi shi. In babban manzo ya bukaci wannan gyara, yaronka ɗan aji uku ma zai bukace ta, don haka ku yi ta da haƙuri.

A Galatiyawa 6 Bulus ya faɗi abu biyu kusa da juna: a aya 5 kowa zai ɗauki kayan kansa, a aya 2 kuma mu taya juna ɗaukar nauyi. Duk wanda ya ga iyayenmu mata na Gbagyi suna dawowa daga gona da kaya a kafaɗa ya ga fassarar wannan. Kowace da nata kayan, ba mai tsayawa binciken abin da ke cikin ƙwaryar wata. Amma in wata ta yi tuntuɓe kayan suka zube, duka za su sauke nasu su taya ta kwashewa.

Kama kunnen kare

Hausawa suna kiran katsalandan shiga sharo ba shanu. Sharo wasan samarin Fulani ne inda ake shan bulala don nuna jarumta. Wanda ba shi da shanu, ba shi da abin nema a filin, in ya tsoma kansa bulalar banza zai sha. Karin Magana 26:17 ta kwatanta mai shiga faɗan da ba nasa ba da wanda ya cafki kunnuwan karen da ke wucewarsa. Manzo Bitrus kuwa, a 1 Bitrus 4:15, ya jera mai shisshigi a layi ɗaya da mai kisa da ɓarawo, ya ce kada mai bi ya sha wahala saboda irin waɗannan. Akwai wahalar da ake sha domin sunan Almasihu, akwai kuma wadda baki ke jawowa. Kada mu haɗa su.

Wurare uku ne yara suka fi kama kunnen kare a makaranta.

Na farko, asirin gidajen mutane. A ajin ɗanka akwai 'ya'yan ma'aikata, akwai 'ya'yan manoma, akwai marayu, akwai kuma yaran da iyayensu suka baro ƙauyukan Shiroro, Munya da Rafi saboda 'yan bindiga. Wani da kayan makaranta ɗaya zai ƙare shekara, wani lokacin tara ba ya da abin sa wa a baki. Ku koya wa yaro cewa wannan ba abin tambaya ba ne, ba abin dariya ba ne, ba kuma labarin da za a kai wa wasu ba ne. In yana da ƙosai biyu ya ba da ɗaya, ya yi shiru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, faɗan wasu. Yara biyu sun saɓa, sai na uku ya zama ɗan aike: wance ta ce kaza a kanki, wane ya zagi babanka. Da yamma iyaye mata sun ɗaura ɗamara, gobe ba sa gaisawa a zumuntar mata. Ku gaya wa yaro, in aka kawo masa maganar wani, ta mutu a kunnensa. In kuma malami ya ba shi aikin monita ya ce ya rubuta sunayen masu surutu, wannan ya zama aikinsa, sai ya yi shi da gaskiya, kada ya cire abokinsa ya sa wanda ba sa shiri.

Na uku, addini da yaren wani. Maikunkele hedikwatar ƙaramar hukumar Bosso ce, ga filin jirgin sama, ga ma'aikata daga ko'ina. A benci ɗaya za ka sami Bagbagyi, Banufe, Bahaushe, Bafulatani, Bayarabe da Ibo, Kirista da Musulmi. Ɗanka ba alƙali ba ne a kan sallar wani ko azuminsa ko suturarsa. In an tambaye shi game da bangaskiyarsa, ya amsa ba tare da kunya ba, cikin tawali'u da ladabi, yadda 1 Bitrus 3:15 ta koyar. Amma ba'a da gori da gardamar wa ya fi wa, ya bar su. Ga manyan yara masu waya, wannan ya shafi abin da suke rubutawa ko turawa a zauren WhatsApp na aji. Ba mu manta da Deborah Samuel ba, ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, wadda aka kashe a watan Mayu na 2022 bayan wani saƙon murya a irin wannan zaure. Alhakin jininta yana wuyan waɗanda suka kashe ta, babu maganar da ta halatta kisa, shugabannin Kirista da fadar Sarkin Musulmi duk sun yi Allah wadai da abin. Duk da haka uwa da uba dole su gaya wa 'ya'yansu irin ƙasar da muke ciki. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi saurin tafiya.

Wa ke sayen tsegumin?

Yanzu bari in juyo kanmu, iyaye. Karin Magana 26:20 ta koya mana cewa wuta takan mutu in an daina sa mata itace, haka faɗa yakan kwanta in babu mai kai gulma. Yaro ba ya tallan abin da ba a saye. In ya kawo labarin gidan wani muka gyara zama muna cewa, "To, sai me ya faru?", mun biya shi ke nan, gobe zai kawo wanda ya fi shi, in bai samu ba ya ƙirƙiro. Wani lokaci kuma mukan juya harshe zuwa yarenmu mu ci naman maƙwabta, ko na fasto, ko na malamin makaranta, muna zaton yara ba sa bi. Suna bi sarai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Farawa 37 ta ba mu gargaɗi. Yusufu yana da shekara 17 lokacin da ya kai wa mahaifinsa rahoton mugun halin 'yan'uwansa. Nassi bai ce ƙarya ya yi ba. Amma Yakubu ya riga ya fifita shi a fili, daga baya kuma ya sake aikensa ya je ya dubo su ya kawo masa labari. A wannan tafiyar ce suka jefa shi rami suka sayar da shi. Laifin 'yan'uwan nasu ne, amma uban da ya mai da ɗa guda ɗan leƙen asiri a kan sauran ya sa yaron a tsaka mai wuya. Kada ka ce wa ƙarami ya riƙa kawo maka rahoton yayarsa kullum. In kana son sanin halin ɗanka a makaranta, taka ka je wurin malamin ajinsa, ka halarci taron iyaye da malamai.

Canza tambayar da kake yi da yamma. Maimakon wa aka doka yau, ka ce: me ka koya, nuna mini littafinka, wa ka taimaka wa? Abin da uba ke tambaya, shi yaro zai riƙa nema.

Inda shiru ya zama zunubi

Mutum na farko a cikin Littafi Mai Tsarki da ya ce ba ruwansa da ɗan'uwansa shi ne Kayinu, a Farawa 4:9, kuma jinin Habila na hannunsa lokacin da ya faɗa. Firist da Balawe a Luka 10 su ma sun kula da sha'anin gabansu, suka ratse suka bar mutum kwance cikin jini. Yesu bai yaba musu ba. Saboda haka in muka koya wa yaro rabin ayar kawai, mun koya masa amsar Kayinu.

Ayyukan Manzanni 23 ta nuna mana saurayin da ya riƙe duka biyun. Bulus yana tsare a Urushalima. Mutum fiye da 40 suka yi rantsuwa ba za su ci ba, ba za su sha ba, sai sun kashe shi. Ɗan 'yar'uwar Bulus ya ji labarin kwanton. Ku lura da abin da ya yi. Bai tsaya a kasuwa yana ba da labari ba. Bai je ya tunkari mutanen da kansa ba. Ya tafi kai tsaye wurin kawunsa, Bulus kuma ya sa wani jarumin soja ya kai shi gaban shugaban sojoji. Shugaban ya kama hannunsa ya ja shi gefe, ya saurare shi. Saurayin ya faɗi abin da ya sani daidai, da yawan mutanen da dabararsu. Aka ce kada ya gaya wa kowa, nan maganar ta tsaya. A daren nan aka fitar da Bulus zuwa Kaisariya da rakiyar sojoji 200, mahaya dawaki 70 da masu māsu 200. Bakin yaro ɗaya, da ya buɗe a inda ya dace, ya ceci ran manzo.

Ga abubuwan da yaro zai faɗa kullum, ko an roƙe shi ya rufa asiri, ko an tsorata shi: in ana dukan wani yaro ko ana ƙwace masa abinci da kuɗi, in wani ya zo da wuƙa ko ƙwaya, in wani babba, ko malami ne ko ɗan'uwa, yana taɓa jikin yaro a inda bai dace ba, ko yana kiransa wurin da ba kowa, in wani yaro ya ce zai kashe kansa ko zai gudu daga gida, in ya ga baƙin fuska suna zagaya makaranta suna tambayar lokacin tashi ko inda ɗalibai ke kwana.

Mu a jihar Neja mun san nauyin wannan na ƙarshe. Ranar 17 ga Fabrairu 2021 aka sace ɗalibai 27 tare da wasu ma'aikata da iyalansu a Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara. A ƙarshen Mayu na shekarar aka kwashe yaran wata Islamiyya a Tegina, garin da hanyar Zungeru da ta ratsa Maikunkele ke kaiwa. A Nuwamba 2025 kuma aka shiga makarantar Katolika ta Papiri a ƙaramar hukumar Agwara. 'Ya'yan Musulmi da 'ya'yan Kirista duk an taɓa. Tsaron makaranta nauyin hukuma ne da manya, ba za mu ɗora shi a kan yara ba. Amma yaron da ya ga abin da bai gane ba ya kamata ya san wanda zai gaya wa, ya kuma tabbata ba za a ce masa ya cika surutu ba.

Tambayoyi uku

Yaya ƙaramin yaro zai bambanta tsegumi da ceto? Ku koya masa tambayoyi uku, ku maimaita su a sujadar iyali har su zauna masa.

Ta farko: akwai wanda zai cutu in na yi shiru? In babu, ya koma kan littafinsa. In akwai, ya yi magana.

Ta biyu: ina so in fitar da wani daga wahala ne, ko in jefa shi ciki? Mai cewa, "Malam, wane yana cin gyaɗa a aji," yana son ya ga an yi bulala. Mai cewa, "Malam, wance ta faɗi tana zubar da jini," yana neman taimako.

Ta uku: wa zai iya gyara abin? Shi kaɗai za a gaya wa, a keɓe: malamin aji, ko hedimasta, ko baba da mama. Ba a tara abokai a ba su labari. In na farko bai saurara ba, a gaya wa na biyu.

Ku gwada su da misalai bayan cin abincin dare. Ka ga abokinka ya sami sifili a jarrabawa, me za ka yi? Kin ga wata tana kuka a bayan aji kullum, me za ki yi? Ku bar yaran su amsa, ku gyara a hankali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ranar da ɗanka ya zo da magana mai nauyi, ka yi kamar shugaban sojojin nan. Ja shi gefe, ka saurara har ƙarshe, kada ka daka masa tsawa, kada ka ce ƙarya yake yi tun ba ka bincika ba. Kada kuma ka ruga makaranta da faɗa kana ambaton sunansa a gaban kowa. Ka je wurin hukumar makarantar cikin natsuwa, in abin ya fi ƙarfinka ka nemi fasto ko dattijon ikkilisiya ya raka ka, in laifi ne babba a kai shi ga hukuma. Yaron da aka kunyata ranar da ya faɗi gaskiya, da wuya ya sake buɗe baki.

Ƙaunatattu, Ubangijinmu da kansa ya nuna mana hanyar. A Luka 12:13-14 wani ya so ya ja shi cikin rikicin gādo, ya ƙi zama alƙalinsu. Amma da ya ga mu cikin hallakar zunubi, bai ce ba ruwansa ba. Ya zo, ya ɗauki kayan da ba nasa ba har kan gicciye. Dokoki kaɗai ba za su ba yaro irin wannan zuciya ba, sai ya san Yesu. In kai mai sauraro ba ka ba shi ranka ba tukuna, ƙofa a buɗe take yau.

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, mun gode maka domin 'ya'yan da ka ba mu amana. Ka tsare bakinsu daga gulma, ka tsare zuciyarsu daga rashin tausayi. Ka ba su hikimar sanin lokacin shiru da lokacin magana. Ka tsarkake hirar gidajenmu. Ka kiyaye makarantun jiharmu, da malamai, da dukan yaran da ke cikinsu, ka ta'azantar da iyalan da aka taɓa. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Don tattaunawa a gida: Wace irin hira yaranmu suka fi ji a bakinmu? Kowane yaro ya ambaci manya biyu da zai iya gaya wa in ya ga hatsari. Ku karanta Ayyukan Manzanni 23:12-24 tare, ku lissafa abin da saurayin ya yi da abin da bai yi ba.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.